Ƙuri'ar "A'a" Da Ta Ci Gwamnatin Djibo Bakary

Ranar 28 ga Janairun 2024 muka ji a rediyo cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. A wajenmu mutanen Faru da Mafara wannan ba labarin nesa ba ne. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 muka ji abin a jikinmu, domin da yawanmu muna da dangi ko abokan ciniki a Maraɗi da Ƙonni. Sai dai ba wannan ne karon farko da maganar ficewa ta taso wa maƙwabtanmu ba. Ta taɓa tasowa a 1958, kuma sai da ta ci gwamnati da majalisa.

A shekarar ce Janar de Gaulle ya dawo mulkin Faransa, ya ba ƙasashen da take mulka zaɓi. Ranar 28 ga Satumba kowa ya jefa ƙuri'a: wanda ya ce "i" ya zauna cikin sabuwar tarayya ƙarƙashin Faransa, wanda ya ce "a'a" ya kama gabansa nan take, kada kuma ya sa ran ko sisi. Shugabanni biyu ne a yankinmu suka fito fili suka ce a fita: Sekou Toure na Gini, da Djibo Bakary na Nijar.

Djibo ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, shi ne kuma magajin garin Yamai na farko. Jam'iyyarsa ana kiranta Sawaba, kalmar da kakanninmu 'yan NEPU suka riƙa ɗagawa a wannan ɓangaren iyaka. A zaɓen 1957 ta lashe kujeru 41 cikin 60, ƙarfinta kuwa yana ƙasar Hausa, wajen Damagaram da Tasawa da Maraɗi. Wanda ya dubi wannan lissafi zai ce maganar ficewa ta gama zama.

Amma rinjayen na aro ne. Sawaba haɗin gambiza ce. A gefe guda akwai direbobi da leburori da ƙananan 'yan kasuwa da samarin da suka baro ƙauye. A ɗaya gefen akwai sarakuna da 'ya'yansu, waɗanda suka shigo da jam'iyyarsu a 1956 don kawai a kayar da PPN ta Hamani Diori. Talaka yana jin "a'a" a matsayin rabuwa da haraji da wulaƙanci. Sarki kuwa rawaninsa da albashinsa suna hannun gwamna. Faransa ta san da wannan ɓarakar, kuma ba ta shirin sakin ƙasar da ke iyaka da Aljeriya alhali tana tsakiyar yaƙi a can. Ana saura 'yan makonni zaɓe ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakuna suka fara zare jiki suna komawa wajen Diori.

Da aka ƙirga, "i" ta sami wajen kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai ko rabin masu rajista ba. Djibo ya sauka a watan Oktoba, a Nuwamba aka rushe majalisar da ya ɗauka tasa ce. Aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba, Sawaba ta tsira da 'yan kujeru, su ma aka soke zaɓensu. Kafin 1959 ta ƙare an haramta jam'iyyar baki ɗaya.

Mukan tuna yadda majalisar Birtaniya ta yi watsi da yarjejeniyar Theresa May ta fita daga Tarayyar Turai har sau uku a 2019. Can an daɗe ana kai ruwa rana ne saboda babu wani gwamna a saman majalisar da zai raba gardama da ƙarfi. A Yamai akwai shi, shi ya sa rigimar ba ta kai wata uku ba.

Abin takaicin shi ne, 'yancin da aka ce zai halaka Nijar a 1958, shi aka miƙa wa Diori ranar 3 ga Agustan 1960. A lokacin Djibo yana gudun hijira, wasu mabiyansa sun tsallako Kano, wasu suna tsare. Sun gwada dawowa da makamai a 1964, aka murƙushe su. Bai sake taka ƙasarsa ba sai bayan da Seyni Kountche ya kifar da Diori a 1974, kuma ba a jima ba Kountchen ya kulle shi.

Ficewar 2024 kuwa ba ta bi ta kowace majalisa ba, don an rushe ta tun ranar juyin mulki. Wani kanar ne ya karanta sanarwar a talabijin.