Kod Ɗin Maina-Meja 7: Yadda Ake Haɗa Shi da Inda Ya Dace

Masu kaɗa kibod da gita a ikilisiyoyinmu sukan ga alamar AmM7 a takardar waƙa su ɗauka Am7 ce. Ba ɗaya ba ne. Bambancinsu sauti guda ne tak, amma wannan sautin ya isa ya rikita 'yan kwaya.

Yadda ake haɗa shi

Kod ɗin yana da sauti huɗu: A, C, E da G#. A solfa da muka saba, la, do, mi, se ke nan. Idan muka fara daga A muna ƙirga maɓallai, farare da baƙaƙe, na 3 shi ne C, na 7 E, na 11 kuma G#. Am7 kuwa a na 10 yake tsayawa, wato G. Wannan ƙirga ba ta canjawa ko daga wane sauti muka fara. Daga C za mu sami C, E♭, G da B.

Abin da kunne yake ji

Sauti uku na farko maina ne, mai sanyaya jiki. Na huɗun kuwa saura maɓalli ɗaya ya kai A na sama, sai kunne ya ƙagu ya ji ya isa gida. Johann Sebastian Bach na Jamus ya yi amfani da wannan ƙaguwa a waƙarsa ta shan wahalar Almasihu bisa ga Bisharar Matiyu, wadda aka rera a Leipzig a 1727. A kod ɗin ƙarshe, sarewa takan riƙe B a kan C maina kafin ta hau C. Bernard Herrmann ma ya sa irin wannan kod a kiɗan fim ɗin Psycho na 1960 don tsoratar da masu kallo.

Inda ya dace

Ya fi daɗi a matsayin matakala: Am, AmM7, Am7, Am6. Sauti ɗaya ne yake sauka, daga A zuwa G#, G, F#, sauran suna nan yadda suke. Yana dacewa da waƙoƙin tuba da na Jumma'a Mai Kyau.

Sai dai mu yi hankali. Idan jama'a suna rera so muka danna se, muryoyi za su yi karo da kiɗa, masu rairawa su rasa inda za su kama. Saboda haka mu duba solfar waƙar tukuna, mu gwada shi a lokacin koyon waƙa, kada kuma mu daɗe a kansa. Aikin makaɗi shi ne ya tallafi muryar jama'a.