Baƙuwar Da Ta Zauna Har Ta Zama Uwa

A zamanin nan samari da 'yan mata na ikkilisiya da yawa suna marmarin ƙetare iyaka su yi aikin sa kai a gidajen yara na wata ƙasa, ko na mako biyu ko na wata ɗaya. Marmari ne mai kyau, gama Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu cikin ainihin ibada. Sai dai kafin a ɗaure kaya, bari mu duba tarihin wata mace wadda ta riga mu bin wannan hanya, mu ga abin da aikin ya nema a gare ta.

An haifi Amy Carmichael a shekara ta 1867 a ƙauyen Millisle, a arewacin ƙasar Ailan. Tun tana budurwa takan tara 'yan matan da ke aiki a masaƙun birnin Belfast tana koya musu Maganar Allah. A 1893 ta tafi Japan aikin bishara, rashin lafiya kuwa ya fitar da ita bayan wata 15. A 1895 ta sauka Indiya. Daga nan ba ta ƙara ganin ƙasarsu ba har ƙarshen ranta, shekara 55 ke nan.

Da fari ba ta tafi domin renon yara ba. Ta koyi harshen Tamil, ta sa tufafi irin na matan wurin, tana zaga ƙauyukan yankin Tirunelveli a kudancin Indiya tare da waɗansu mata masu bi, suna wa'azi. A watan Maris na 1901 aka kawo mata wata yarinya mai shekara 7, sunanta Preena, wadda ta gudo daga hannun matan wani haikali. A lokacin akwai al'adar miƙa ƙananan 'yan mata ga gumakan haikali, da yawansu kuwa sukan ƙare cikin karuwanci. Amy ta karɓe ta, ta kuma ƙi mayar da ita.

Da yara suka fara yawa, sai zaɓi mai wuya ya tsaya a gabanta. Mai jariri a hannu ba ta yawon ƙauyuka. Waɗansu ma'aikatan mishan suna ganin wanki da dama kunun jarirai ba aikin mai bishara ba ne. Ita kuwa ta tuna da Ubangijinmu wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, kamar yadda muke karantawa cikin Yahaya sura 13. Ta bar yawon wa'azi, ta zauna a ƙauyen Dohnavur.

Shekarun farko sun zo da hawaye. Jariran da aka fara kawowa sun mutu, daga baya kuma annobar atuni ta kwashe waɗansu. Kada mu yi tsammani Baturiya ce kaɗai ta ɗauki wannan kaya. Wata gwauruwa 'yar ƙasar, Ponnammal, ita ta riƙe gidan jarirai a garin Neyyoor kusa da asibitin mishan, tana kwana a zaune a kan marasa lafiya. Ta yi ta hidima har ciwon daji ya ɗauke ta a 1915. 'Yan matan da suka girma a gidan su ne suka zama yayye masu renon na baya.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu lura da su a tsarin gidan. Na ɗaya, an raba yaran cikin ƙananan ɗakuna, kowane da mai reno tasa, domin su tashi kamar iyali. Da yake ba a san ranar haihuwar yawancinsu ba, ranar da yaro ya shigo gidan ita ake yi masa biki kowace shekara. Na biyu, Amy ba ta gaggawar karɓar masu sa kai daga Turai. Takan faɗa musu wahalar a fili tun suna gida, domin wanda ya zo ya zo da niyyar zama.

A 1918 aka fara karɓar yara maza. A 1931 Amy ta faɗa cikin rami, ta karye a ƙafa, ta ji ciwo a baya. Kusan shekara 20 ta yi a ɗaki, tana rubuce-rubuce da addu'a, aikin kuwa bai tsaya ba, gama akwai waɗanda aka riga aka horar. A 1947 gwamnatin Madras ta kafa dokar hana miƙa 'yan mata ga haikali, bayan dogon ƙoƙarin 'yan ƙasar irin su likita Muthulakshmi Reddi. Amy ta rasu a watan Janairu na 1951, tana da shekara 83. A kan kabarinta an rubuta kalma guda ta Tamil, Amma. A bakinmu wannan kalma ce ta ja da magana, a bakinsu kuwa ma'anarta Uwa.

To, 'yan'uwa, mene ne wannan tarihi yake faɗa mana? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Yaron da ya riga ya rasa iyaye, in ya saba da baƙo yau, jibi baƙon ya hau jirgi, an sake yi masa rashi ke nan. Masu bincike sun kuma nuna cewa yawancin yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba da rai, talauci ne ya raba su. Saboda haka a watan Disamba na 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su ƙarfafa renon yara cikin iyali.

Wanda yake jin kira, bari ya auna kansa. Zai koyi harshen mutanen? Zai yi aiki a ƙarƙashin 'yan ƙasar? In kwanakinsa kaɗan ne, ya fi kyau ya taimaki masu renon da ke can dindindin, da sana'arsa ko da aljihunsa, maimakon ya ɗauki matsayin uwa na mako biyu. Cikin Markus 9:37 Yesu ya lasafta karɓar ƙaramin yaro cikin sunansa daidai da karɓarsa shi kansa. Ubangiji ya ba mu ƙauna mai daɗewa, ya kuma fara koya mana ita a kan marayun da ke cikin unguwarmu. Amin.