Plesetsk: Dajin da Rasha ke harba rokokinta na soja

Tun da hukumomin Yamai suka sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha a watan Nuwamba 2024 don sayen taurarin ɗan'adam uku, zancen sararin samaniya ya shigo hirar mutane har a nan Tawa. Dalilin a fili yake. Duk wanda ya san faɗin dajin da ke tsakanin Cintabaraden, Tasara da Tiliya, kuma bai manta kisan mutum 137 da aka yi a yankin Tiliya a Maris 2021 ba, ya san amfanin ido daga sama. To amma kafin a yi ciniki da mutum, kyau a leƙa gidansa. Ɗaya daga cikin manyan gidajen Rasha a wannan fanni shi ne Plesetsk.

Wurin yana cikin lardin Arkhangelsk, kimanin kilomita 800 arewa da Mosko, a tsakiyar kurmi da fadama. Ba don taurari aka gina shi ba. A 1957 Tarayyar Sobiyet ta kafa shi a asirce da sunan "Angara", don girke makamai masu linzami samfurin R-7 waɗanda za su iya tsallake ƙanƙarar arewacin duniya su faɗa Amurka. Aka gina dandalin harbawa huɗu, da garin Mirny don sojoji da iyalansu. Sai dai R-7 bai yi kyau da yaƙi ba: shirya shi kaɗai yana cin awoyi masu yawa, kuma ba a iya ajiye shi da mai a ciki. Da aka samu makamai masu saurin tashi, sai aka juya dandalan zuwa aikin harba taurari. Na farko, Kosmos 112, ya tashi ranar 17 ga Maris 1966.

Abin dariya shi ne yadda asirin ya tonu a bainar jama'a. Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare ta Kettering a Ingila, Geoffrey Perry, da ɗalibansa suna sauraron siginar taurarin Sobiyet da rediyo. Suka lissafa hanyar Kosmos 112, suka ga ba yadda za a yi ta fito daga Baikonur. Kafin shekarar ta ƙare sun nuna wurin a taswira. Gwamnatin Sobiyet kuwa ba ta amsa cewa tashar tana nan ba sai 1983. Wannan ɓoye-ɓoye ya shafi har gawarwaki. A ranar 18 ga Maris 1980 roka Vostok-2M ta fashe ana cikin zuba mata mai, mutum 48 suka mutu, kuma sai da aka shafe shekaru kafin a sanar da duniya. Kafin nan, a Yuni 1973, fashewar wata roka Kosmos-3M ta kashe tara.

Ga wani lissafi da zai ba mutumin Adar mamaki. Duniya tana juyawa, kuma rokar da aka harba gabas tana cin moriyar wannan juyi kyauta. A Tawa, da ke wajen digiri 15 arewa, ƙasa na gudu kusan kilomita 1,600 a awa. A Plesetsk, kusa da digiri 63, gudun bai kai 800 ba. Ke nan don tauraron sadarwa da ke tsayawa cik a saman tsakiyar duniya, Tawa ta fi Plesetsk kyawun mazauni nesa ba kusa ba. Amfanin Plesetsk yana wani gefen: taurarin da ke ratsa duniya daga arewa zuwa kudu, masu ɗaukar hoto da leƙen asiri. Shi ya sa ba a taɓa harba ɗan'adam daga can ba, amma rokokin da suka tashi daga wurin sun haura 1,500.

Rushewar Sobiyet a 1991 ta ƙara masa daraja, domin Baikonur ta koma cikin Kazakistan, sai haya Rasha ke biya. A 1994 Boris Yeltsin ya ba shi matsayin tashar sararin samaniya ta ƙasa. Yau dandali na 43 na harba Soyuz-2, na 35 kuma na sabuwar roka Angara ne, wadda ta fara tashi a 2014. Aikin makamai bai tsaya ba. A nan aka gwada Sarmat a Afrilu 2022.

Maƙwabtanmu sun riga mu sanin hanyar. Tauraron Aljeriya na farko, AlSAT-1, daga Plesetsk ya tashi a Nuwamba 2002, sai NigeriaSat-1 a Satumba 2003, duka a kan Kosmos-3M. Amma a lura: Rasha ta yi dako ne kawai. Kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera su, injiniyoyin ƙasashen biyu suka samu horo a wurinsa, kuma Najeriya ta kafa tashar karɓar hotunanta a Abuja. A ganina nan ne ya kamata ƴan Nijar su zuba ido a yarjejeniyar 2024: wa zai riƙe tashar ƙasa, wa zai fara ganin hoton Tiliya idan ya sauko, da kuma yaranmu nawa za su iya karanta shi ba tare da tafinta ba.