Ra'o'in Jinsi da Harshe a Ma'aunin Maganar Mutanen Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1970 masana walwalar harshe ke muhawara a kan ko mata da maza magana iri ɗaya suke yi, in kuwa sun bambanta, mene ne musabbabi. Galibin amsoshin an gina su ne a kan Ingilishin Amurka da Ingila, amma sai ka ga ɗalibanmu sun kinkimo su ɗungurungum sun ɗora wa Hausa. Wannan maƙala za ta auna ra'o'in da yadda ake magana a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum. Matsayina shi ne, a wannan yanki dangantakar mai magana da wanda yake wa magana, da wurin da ake yin ta, sun fi jinsi tasiri wajen juya harshe.

Ra'o'in a Taƙaice

A 1975 Robin Lakoff ta ce an tarbiyyantar da mata da magana mai rauni, cike da kewaye-kewaye da ladabin da ya wuce kima. Wannan shi ake kira ra'in naƙasu. A shekarar ce kuma Don Zimmerman da Candace West suka ce a hirarrakin da suka nazarta maza ne suka fi katse wa mata magana, sannan Dale Spender ta faɗaɗa batun a 1980 da cewa maza ne suka tsara harshen yadda zai yi musu daɗi. Shi ne ra'in danniya. Deborah Tannen kuwa, a 1990, ta kare ra'in bambanci: yara maza da mata rukuni daban-daban suke tashi, kowane da al'adar maganarsa. A 1992 Penelope Eckert da Sally McConnell-Ginet suka ba da shawarar a daina yi wa mata kuɗin goro, a riƙa duban ƙananan rukunonin da mutane ke cuɗanya a cikinsu yau da gobe.

Jinsin Nahawu

Hausa ta raba namiji da tamata a wakilin suna: kai da ke, shi da ita. Karin harshen yamma, wanda Zamfarci ke cikinsa, ya riƙe rabon gam. Mutumin Gummi zai ce "wanga yaro" da "wagga yarinya", ya ce "shi na" da "ita ta". A Zazzaganci kuwa rabon ya yi rauni, har ana jin "motan" a maimakon "motar". Da nahawu ne ke yanke matsayin mace a al'umma, da zaman matan Zariya ya sha bamban da na matan Anka gwargwadon bambancin nahawunsu, alhali ba haka abin yake ba. Fulanin da ke zaune a dazuzzukan yankin sun ƙara fito da hujjar: Fulatanci bai raba mace da namiji a wakilin suna ba, amma alkunyar Fulani ita ake buga misali da ita. Saboda haka amsar tana cikin amfani da harshe.

Alkunya da Matsayi

Matar aure a yankin nan ba ta kama sunan mijinta. Takan ce "maigida" ko "Malam", wani lokaci ma "shi" kawai, kuma kowa ya san wa take nufi. Yaron da ya ci sunan surukinta sai ta kira shi Abba ko Mai-sunan-Baba. Ɗan fari kuwa akwai uwar da har ta tsufa sunansa ba zai fito bakinta ba. Mai ra'in danniya zai ce ga hujja a fili, kuma yana da ɗan gaskiya, domin miji na iya kiran sunan matarsa, ita ba ta iyawa. Wannan rinjaye ne, bai kamata a rufe ido a kansa ba.

Sai dai alkunya ba ta tsaya ga mata ba. Uba ma yana kunyar ɗan fari. Magidanci mai gemu yakan durƙusa ya sassauta murya a gaban surukarsa. Talakan da ya shiga fadar Sarkin Zamfara a Anka zai tuɓe takalmi, ya faɗi ya ce "ranka shi daɗe", ya yi ta kewaye kafin ya kai ga buƙatarsa. Duk alamomin da Lakoff ta kira maganar mata ga su nan a bakin namiji. Haka William O'Barr da Bowman Atkins suka gano a 1980 a wata kotun Amurka, inda suka ce salon na marasa iko ne, ko wane jinsi suke.

A juya a dubi matar nan da ta yi shiru a gaban miji. In ta zama uwar miji, umurni take bayarwa kai tsaye. Ungozoma a ɗakin haihuwa ba ta neman iznin kowa. Kaka kan kira jikanta "mijina", ta tsokane shi son ranta. Tsakanin kishiyoyi kuwa akwai habaici, fasahar da ke buƙatar saurin fahimta da gwanintar sarrafa kalma, wadda ta haifi karin maganganu irin su "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu". A waƙoƙin daka da na niƙa mace takan amayar da abin da ke cinta game da miji ko danginsa, kowa ya ji, ba mai iya kama ta da laifi. Kiran wannan naƙasu rashin adalci ne. Ra'in Tannen ya fi kusa, tun da kulle ya raba zaure da cikin gida, kuma kalmomi irin su "ahayye" da "ni 'yasu" na mata ne. Amma ya gaza bayyana dalilin da mace ɗaya ke sauya salo sau da yawa a yini guda. Ra'in Eckert da abokiyar aikinta ne ya iya ɗaukar wannan.

Tarihi ma ya nuna cewa an daɗe ana jayayya a kan muryar mace a bainar jama'a. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ke wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki halartar mata majalisin Shehu, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. Daga baya Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, inda jagororinsu da ake kira jaji suke karantar da mata ta hanyar waƙa.

Amfanin Binciken

Batun bai tsaya a aji ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka yi aikin tsabtace ƙauyen Bagega. A lokacin, a cikin gidaje ake daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalmar, inda mata da yara ke wuni. Ke nan wadda ta fi kowa sanin lokacin da yaro ya fara shiɗewa ita ce uwa. Ma'aikacin lafiyar da ya tsaya a zaure rabin labari zai ji. In kuma ya shiga bai san alkunya ba, ya ce uwa ta faɗi sunan ɗan farinta ko ta ƙirga 'ya'yanta a gaban surukai, shirun da za ta yi zai ɗauke shi jahilci. Haka lamarin yake ga masu aikin agaji tsakanin matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu.

Kammalawa

Ra'o'in nan kayan aiki ne, kowanne ya haska wani ɓangare, amma ba wanda ya isa ya yanke wa Zamfarci hukunci tun daga nesa. Mafi yawan maganar mata a cikin gida ake yin ta, inda namiji baƙo ba ya shiga. Don haka ina kira ga sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru da su horar da ɗalibai mata 'yan asalin Anka, Gummi da Bukkuyum, su naɗo maganar iyayensu da yardarsu, a wurin biki da suna da daka. A kan wannan shaida ya kamata mu gina namu ra'in.