Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Gubar Dalma da Likitan da Ya Tara Haƙoran Yara

 Wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya. Ta farko daga wani manomi a Ƙanƙara, yana tambaya, wai da gaske ne ƙarfe yana iya shiga ƙwaƙwalwar mutum har ya lalata ta? Ta biyu daga wani ɗan kasuwa a 'Yankara ta ƙasar Faskari, yana son tarihin abin da ya kashe yara a Zamfara a shekarar 2010. Ta uku kuwa daga wata baiwar Allah ce a Sabuwa, wadda ƙanenta ke zuwa haƙar zinariya yana dawowa gida da buhunan dutse, tana tambaya ko akwai haɗari ga 'ya'yanta. To, bari mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya, tun da tushensu ɗaya ne.

Malam na Ƙanƙara, amsar tambayarka ita ce, ƙwarai da gaske ne. Akwai ƙarafan da jiki ke bukata kaɗan-kaɗan, kamar sinadarin baƙin ƙarfe da ke cikin jini. Akwai kuma waɗanda ba su da wani amfani a jiki sai ɓarna, babbarsu ita ce dalma, wato wannan ƙarfe mai nauyi da taushi da ke cikin batirin mota da harsashi. Idan ƙurarta ta shiga ciki, sai jiki ya ɗauke ta tamkar kalsiyam, sinadarin nan mai gina ƙashi. Da wannan shigar burtu take ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, ta dagula saƙonnin da jijiyoyi ke aika wa juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yaro ƙarami yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma yaron da ke fama da yunwa ko ƙarancin jini ya fi tsotsewa. Abin da ya rage sai ya kwanta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Mace ta yi ciki, dalmar da ke ƙashinta ta fito ta shiga jinin ɗan tayi.

Duniya ta daɗe kafin ta yarda da haka. A shekarar 1892 likitoci a birnin Birisben na ƙasar Ostareliya suka fara ba da labarin yara masu shanyewar gaɓoɓi da ciwon ido saboda dalma, kuma a 1904 ɗaya daga cikinsu, Dokta Lockhart Gibson, ya gano daga fentin gidaje take fitowa. Duk da haka a 1923 aka fara zuba dalma a man fetur a Amurka don injin mota ya daina ƙara. A wancan zamani likitoci sun ɗauka in yaro bai mutu ba, to ya warke sarai. Sai a 1943 wasu masana biyu a birnin Boston, Byers da Lord, suka bi sawun yara 20 da aka sallama daga asibiti a kan sun warke, suka tarar 19 daga cikinsu suna fama da karatu ko rashin natsuwa.

A nan ne tarihin Dokta Herbert Needleman ya shigo. An haife shi a birnin Filadelfiya na Amurka a 1927, likitan yara ne, daga baya ya ƙara da ilimin ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam. A ƙarshen shekarun 1950, yana matashin likita, ya yi jinyar wata yarinya da dalma ta sumar. Da ta farfaɗo ya gargaɗi uwarta kada su koma gidan da suka fito. Uwar ta nuna masa cewa duk gidan da ƙarfinta zai iya kamawa haya, irin wannan ne. Daga nan ya fahimci magani a asibiti bai isa ba muddin gubar tana gida.

Tambayar da ta dame shi ita ce, yaran da ba su suma ba, ba su yi jijjiga ba, su lafiya lau suke? Gwajin jini yana nuna dalmar kwanan nan ne kawai. Sai dabara ta faɗo masa: haƙori ma'aji ne, kuma kowane yaro yana famfara. Ya nemi taimakon malaman firamare a garuruwan Chelsea da Somerville kusa da Boston, suka tara masa haƙoran yara fiye da 2,000. Ya auna dalmar da ke ciki, aka gwada basirar yaran, malamai kuma suka faɗi halin kowane yaro a aji ba tare da sun san sakamakon haƙorinsa ba. A 1979 ya fitar da abin da ya gano: yaran da dalma ta fi yawa a haƙoransu sun gaza sauran da maki kamar 4 a gwajin basira, ga rashin natsuwa, ga kasa bin umurni. Bayan shekara 11 ya sake nemo su. A rahotonsa na 1990, haɗarin kasa gama sakandare a wurin masu dalma da yawa ya ninka na sauran kamar sau 7.

Kun san an ce gaskiya ɗaci gare ta. Masana'antun dalma ba su ji daɗi ba, kuma a 1991 wasu masana biyu suka kai ƙararsa cewa ya yi maguɗi. Aka yi ta bincike, Jami'ar Pittsburgh inda yake aiki ta zauna a kansa, hukumar gwamnati ma ta duba, ba a same shi da laifin maguɗi ba, masu bincike a wasu ƙasashe kuma suka samu irin abin da ya samu. Likitoci suna auna dalma da maikirogiram a kowane desilita na jini, mu kira shi lamba don sauƙi. A shekarun 1960 sai yaro ya kai lamba 60 ake damuwa a Amurka. A 1991 aka sauko 10, a 2012 aka dawo 5, a 2021 aka kai 3.5. Amurka ta hana fetur mai dalma a motoci a 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Needleman ya rasu a 2017.

Yanzu sai tambayar Alhaji na 'Yankara. Ku da ke bakin iyaka da Tsafe, wannan labarin maƙwabta ne. Da farashin zinariya ya tashi a duniya, har oza ɗaya ta haura dala 1,000 a 2009, manoma da yawa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka shiga haƙa. Abin da ba su sani ba, dutsen wurin cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari, a farfasa, a niƙa a irin injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, wasu matan ma su daka a turmi. Ƙura ta bi ɗakuna da kwanuka da ƙasar da yara ke rarrafe a kai.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji yara na ta mutuwa da amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Da aka gwada jini sai ga dalma. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da jami'an Nijeriya a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka gwada, kashi 97 cikin 100 sun kai lamba 45 ko sun wuce. Ku tuna da lamba 10 ta wancan lokaci, ku kwatanta. An ƙiyasta yara fiye da 400 ne suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Darasin da Needleman ya koya daga uwar nan shi aka bi. Maganin da ke janyo dalma daga jini ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙura, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa a ƙauyuka irin su Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Maganin yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa. Wasu yaran sun rayu da makanta ko shanyewar jiki.

Masana kuma suna bin sawun abin har tsufa. Tun 1837 wani likita a Sikotilan, James Couper, ya ga masu niƙa dutsen manganis suna tafiya da ƙyar, alamu masu kama da cutar makyarkyata ta Parkinson, wadda ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali. A 2008 masana ƙarƙashin Farfesa Nasser Zawia a Amurka suka duba ƙwaƙwalwar birai da aka ba dalma suna jarirai, bayan shekara 23 suka ga alamu irin na cutar mantuwa ta Alzheimer. A birai aka gani, ana kan bincike a kan mutane. Mu ma muna da namu a wannan fage: Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, ya yi bincike a kan cutar mantuwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kuma jagoranci kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021.

To, Malama ta Sabuwa, haɗari kam akwai. Ba kowane dutsen zinariya ke da dalma ba, amma ido ba ya rarrabewa, sai gwaji. Saboda haka kada dutsen ya shigo gida. A niƙa shi can nesa da gari, a jiƙa shi da ruwa don kashe ƙura. Ƙanenki ya yi wanka ya sauya tufa da takalmi kafin ya shigo ya ɗauki yaro. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa masara, turmin ma haka. 'Yan kasuwar Sheme da Ɗandume, buhun da ya ɗauki dutse kada a zuba masa hatsi. Zaibar da ake kama zinariya da ita ma guba ce ga ƙwaƙwalwa, kada a ƙona ta a ɗaki ko kusa da mai ciki. Masu fasa tsohon batir su nisanci gidaje. Iyaye mata kuma a kula da kwalli na dutse: a 2011 an samu jariri ɗan Nijeriya a Boston da dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. In yaro ya fara amai, ciwon ciki, kasala ko jijjiga, a garzaya asibiti, a kuma faɗa wa likita irin sana'ar da ake yi a gidan, domin alamun suna kama da na zazzaɓi.

Neman halal wajibi ne, ba wanda zai ce a bar shi. Amma rigakafi ya fi magani, kuma basirar yaro in ta tafi ba a sayo ta a kasuwa. Da fatan masu tambaya sun gamsu. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.