Daga Gidajen Shagari Zuwa Yau: Ina Talaka Zai Kwana?

Shira tsohon gari ne, ta girmi Azare nesa ba kusa ba. Amma tun da fadar Sarkin Katagum ta koma Azare a farkon mulkin Turawa, kasuwa da ma'aikatu suka bi ta, jama'a kuma suka bi su. Da aka kafa jihar Bauchi a 1976, ma'aikata suka ƙaru, gidan haya ya fara wuya.

A 1979 gwamnatin Shehu Shagari ta yi alƙawarin gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, domin masu ƙaramin ƙarfi. An gina wasu, amma da yawa a bayan gari, ba ruwa ba hanya, ba zaure, ba filin da mai iyali zai ƙara ɗaki. Juyin mulkin 1983 ya tsayar da aikin. A 1992 aka kawo Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi. To manomi da ɗan kasuwa fa, da ba su da albashi?

A Amurka, tun 1986 gwamnati kan rage wa masu gini haraji, da sharaɗin su sassauta wa talaka kuɗin haya.

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Shira ta haura mutum 230,000, Katagum kuwa ta kusa 300,000. Jariran wancan lokaci yau sun isa aure. Mu a nan unguwa, kowa ya san gidan gadon da aka yanka uku.