Tarihin Maganin Idon da Maƙoƙo Ke Turowa Waje

 Yau tarihin magani za mu taɓa. Wataƙila kun taɓa ganin mutum idanunsa sun fito waje kamar a firgice yake, ga rama, ga zufa, ga bugun zuciya. Sau da yawa sai ka ji an ce sammu ne ko iska. To, ciwon yana da suna, kuma likitoci sun fi shekara ɗari suna fama da shi kafin su samu abin da zai lafa shi.

A 1835 wani likita a birnin Dublin na ƙasar Ailan, Robert Graves, ya rubuta bayanin matan da ya gani da kumburin wuya da bugun zuciya. A 1840 Karl von Basedow na Jamus ya haɗa alamomin uku wuri guda: maƙoƙo, fitowar ido, da saurin bugun zuciya. Shi ya sa har yau Turawan Ingila ke kiran ciwon da sunan Graves, Jamusawa kuma da sunan Basedow.

Sanin ciwo daban, sanin dalilinsa daban. A wancan zamani idan ido ya fito har fatarsa ta kasa rufewa, sai ya bushe ya yi gyambo, wani ma ya makance. Abin da ya rage wa likita wuƙa ce. A 1911 Julius Dollinger ya yanke wani sashe na ƙashin kwarmin ido don ido ya samu wurin komawa ciki.

Yanzu ga inda labarin ya yi daɗi. Wani masanin sinadarai a asibitin Mayo na Amurka, Edward Kendall, shi ne ya fara tace sinadarin da halittar tayirod ta maƙogwaro ke fitarwa, a 1914. Shi ɗin dai ya koma binciken wata ƙaramar halitta da ke saman ƙoda, ya fito da kotizon. A 1948 abokin aikinsa Philip Hench ya gwada shi a kan wata mata mai ciwon gaɓoɓi, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 su biyun da Tadeus Reichstein suka karɓi kyautar Nobel.

Me ya haɗa wannan da ido? A 1956 Adams da Purves a New Zealand suka gano wani abu a jinin masu ciwon da ke zuga tayirod, daga baya aka tabbatar daga garkuwar jiki yake. Wato garkuwar ce ke kai hari kan jikin mai ita, har tsoka da kitsen bayan ido su kumbura su turo shi gaba. Sitiroyid kuwa aikinsa kwantar da garkuwa da kumburi. Kun ga an samu makami.

Sai dai ƙwayoyin da ake haɗiya watanni suna kawo ƙiba, ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi. Daga baya aka koma ba da shi ta jijiya. Binciken George Kahaly a birnin Mainz a 2005 ya nuna ta jijiyar ta fi aiki, illarta kuma ta fi sauƙi. Tsarin da ya shahara shi ne sau ɗaya a mako har mako 12, jimilla giram 4.5. Likitocin Turai sun ce kada a wuce giram 8, domin an samu waɗanda hantarsu ta lalace. Kuma maganin ya fi tasiri ne lokacin da kumburin ke kan ganiyarsa. Idan tsokar ta riga ta taurare, sai tiyata. Taba sigari ma tana ƙara ciwon, tana rage ƙarfin maganin.

Abin da nake so mu ɗauka: maganin da likitocin duniya ke aunawa giram-giram suna duba hanta, danginsa ne ake saya a kemis ana sha don ƙiba, ko a ɗiga a ido ba tare da gwaji ba, alhali yana iya jawo hawan jinin ido. Idan ka ga ɗan'uwa idonsa na fitowa, ko yana ganin abu biyu-biyu, ku kai shi asibiti da wuri a auna tayirod, likitan ido ya duba shi.

Ku tura wa wani ya karanta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ƙara mana lafiya.